Haƙƙin mayar da takalmin da aka riga aka saka

Ya Edita,

Na sayi takalmin fata ta intanet, amma kwana tara kacal da fara saka shi, ƙasansa ya ɓalle daga dunduniya, busasshen gam ya fito fili. Da na nemi kuɗina, sai mai shagon ya ce tunda takalmin ya taka ƙasa, ciniki ya ƙare.

Wannan hujja ba ta karɓuwa, domin aibin takalmi ba ya bayyana sai an yi tafiya da shi. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba mu watanni 3 mu mayar da kaya mai aibi, a gyara, a musanya, ko a biya mu. Ina roƙon hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta tilasta wa 'yan kasuwar intanet bin ta.

Naka,
Mai karatu daga Kano