Farauta daban, ƙauranci daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan ƙauraye, wato 'yan daba, da suka addabi unguwannin Katsina, kuma ban ƙi yawancin abin da aka faɗa ba. Inda na tsaya shi ne inda baƙonku ya ce ƙungiyar farauta ce makarantar ƙauranci. Ni ɗan wannan makaranta ne, don haka ku ba ni dama in faɗi abin da aka karantar da ni a cikinta.

Na shiga farauta a 1987, shekarar da aka ba mu jiharmu, ina da shekara 17. Ba don wani abin kirki na shiga ba. Kiɗan gangi ne ya ja ni, da son a ce wuƙa ba ta kama ni. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta gaji da biyan kuɗin kawunan yaran mutane da nake fasawa, sai wani kawuna ya kama hannuna ya danƙa ni ga wani dattijo da muke kira Baba, wanda ya zama ubangidana. Na zaci ranar za a ba ni tauri. Abin da aka ba ni gorar ruwa ce da igiyar karnuka biyu. Rani uku ina jan su. Ba na yin kirari a gabansa, ba na sa hannu a akushi sai manya sun tashi, in an yi sansani ni ne mai ice, ni ne mai wuta.

A rani na huɗu aka ba ni adda, a ranin kuma aka karɓe ta. Mun fita wajen Safana, bakin dajin Rugu, muka haɗu da mutanen wani ƙauye. Karena da na wani saurayi suka kama gada ɗaya. Kowa ya san yadda ƙwacen nama yake a farauta, ja-ni-in-ja-ka ne, wani lokaci da gora. Ni kuwa sai na zaro adda na sare shi a dantse. Na dawo sansani ina jiran a yi mini kirari. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, kawo ƙarfen nan." A gaban mutum fiye da 50 ya karɓe, ya cire mini kambun da shi da kansa ya ɗaura mini, ya ce mai gangi kada ya ƙara kiran sunana. Sannan ya yanke hukuncin da har yau in na tuna nakan ji nauyinsa a kafaɗa: tunda na kashe wa mutane hannun noma, daminar nan ni zan zame musu hannu.

Haka na tare a gidansu. Na yi shuka, na yi noman fari da maimai, na yi huɗa, har aka yanke gero aka ɗaure dammuna. Uwar yaron wata guda ba ta amsa gaisuwata. Shi kuma yana zaune gindin kuka da hannu a rataye, yana kallona ina zufa a gonar ubansa. Wata rana da azahar shi ya kawo mini fura da hannunsa mai lafiya. Ban iya sha ba sai da ya juya baya. Yau ɗana na biyu sunansa yake ci.

Ba zan wanke mu tas ba. Akwai shaye-shaye a cikinmu tun a wancan lokaci, akwai sakaci da salla in an shiga daji, akwai layu da guraye da ni kaina daga baya, da na zauna gaban malamai a makarantar dare, na kwance na rabu da su. Baba ma bai hana ni ba, cewa ya yi abin da ya ba ni na gaske ba a jiki ake ɗaura shi ba. Amma a wancan tsari kowane yaro yana da wanda zai iya ce masa ajiye, ya ajiye. Sama da ubangidanka akwai Sarkin Dawa ko Sarkin Baka, sama da su akwai mai gari da hakimi.

Yaran da kuke magana a kansu sun ɗauki wuƙar da kirarin, sun bar jan karen. Wa zai karɓe addar ɗan ƙwaya a lungu da tsakar dare? Wanda yake ba shi kuɗin ƙwayar ranar kamfen? Kuma ku tuna dajin da ake horar da mu ya fi ƙarfinmu yanzu. Tun da 'yan bindiga suka mamaye Rugu, ba mai hankalin da zai kwashi yara da karnuka ya nufi Batsari ko Ɗanmusa da sunan farauta. Yaro ya tashi da zafin jini, ba daji, ba ubangida, sai bakin titi.

Da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, na ga wasu ƙannenmu cikin kaki, na yi murna. Sai dai horon 'yan makonni yana koya riƙe bindiga ne, ni kuwa damina guda cur na yi kafin in koyi mayar da adda kube. Da za a haɗa kowane rukuni da dattijon da suke jin kunyarsa, da an rage kukan da ake yi da wasu 'yan sa-kai.

Roƙona, in za ku sake wannan shiri, ku gayyaci tsofaffin mafarauta su yi magana da bakinsu. A unguwarmu saura uku. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Addar tana wurina, sai da na yi aure ya aiko mini da ita, kuma ice nake faskarawa da ita.

Naku,
Wani tsohon ɗan farauta,
Ƙofar Marusa, Katsina.