Wasiƙar Godiya ga Shagon Kayan Kifin Ado da Murjani a Legas

Zuwa ga Alhaji mai shago da yaran shagonsa, assalamu alaikum.

Mu masu kiwon murjani, halittar nan ta teku mai kama da tsiro, a tankin gilashi na Agege da Idi-Araba mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, in mutum ya zo da kuɗinsa ranar farko yana son kifi, ba kwa sayar masa. Kukan ce ya haɗa tanki, ya zuba yashi da duwatsu masu rai (masu ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani), ya jira mako 4 zuwa 6 har ƙwayoyin bakteriya su mayar da amoniya, gubar da ƙazanta ke haifarwa a ruwa, zuwa naitirayit, sannan naitiret mai sauƙin illa. Sai gwaji ya nuna sifili a amoniya da naitirayit kuke yarda a saka kifi, kuma biyu kawai a tankin lita 60 zuwa 80. Ɗan kasuwa da ke ƙin ciniki don kada dabba ta mutu a hannun mai saye, ai ba kowa ba ne.

Na biyu, ruwa. Da yawa kan ɗauka tunda Legas bakin teku ce, a ɗebo daga lagun a zuba. Kun yi daidai da kuke hanawa, domin ruwan lagun gauraye ne da na kogi, ga ƙazanta. Ruwan borehol ma yakan zo da ƙarfe da sinadaran da ke haifar da gansakuka. Tataccen ruwan da kuke sayarwa a jarka, wanda kuke aunawa a gaban mai saye, shi ne mafita. Ana haɗa shi da gishirin teku na musamman, ba na girki ba, har ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025 ko 1.026. Kuma yaranku ba sa gajiya da tunatarwa: ruwan da ya ƙafe ya tafi ya bar gishirinsa, don haka da ruwa mara gishiri ake cikewa. Wanda ya cike da ruwan gishiri, gishirin zai ta hauhawa har murjani ya rufe. Canjin ruwa kuwa, kashi 10 cikin 100 duk mako.

Inda muka fi jinjina muku shi ne zafi da wuta. Murjani yana son ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 26. In ya haura 29 ya daɗe a nan, sai ya fitar da ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat. A watan Maris, ɗaki mara iyakwandishan a Legas yakan kai haka cikin sauƙi. Maimakon ku ɗora wa kowa na'urar sanyaya ruwa mai tsada, kukan fara da ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa, kuna faɗa a fili cewa za ta ƙara ƙafewa. In an ɗauke wuta, ba rashin fitila ne ke kisa ba, tsayawar famfon da ke juya ruwan tanki ce, domin iskar shaƙa tana ƙarewa cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa shawararku ta haɗa famfo da inbata, a ajiye famfon iska mai batir, ta fi kowace muhimmanci.

Gwajin da kuke yi wa ruwan masu saye shi ma abin yabo ne: kuna duba ko sinadaran da murjani ke buƙata sun kai yadda ake so a ma'auni, wato kalsiyam 400 zuwa 450, magniziyam wajen 1300, alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana tsami) 8 zuwa 9. Haka gargaɗinku cewa maganin kifi mai tagulla yana kashe murjani, da kuma sa safar hannu wajen taɓa nau'in murjanin da ake kira zowa, saboda wasunsu na da dafi.

Roƙonmu ɗaya: ku ƙara kawo ruwan daidaita ma'aunin gishiri, yana saurin ƙarewa.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya ƙara buɗi.

Naku,
Masu kiwon murjani na Agege da Idi-Araba, Legas