A Daina Gaggauta Mayar da Maharba Fagen Gasa Bayan Rauni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu horar da matasanmu harbin kwari da baka a nan Kano, game da yadda ake mayar da maharbi gasa tun kafaɗarsa ba ta gama warkewa ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa harbi wasa ne marar wahala, tunda a tsaye ake yin sa wuri ɗaya. Amma a gasa irin ta Olamfik, maharbi yana harba kibiya 72 a zagayen farko kaɗai, daga nisan mita 70, kuma da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta santimita 12.2 ne kacal. Manyan maharba maza sukan ja tsirkiyar da nauyinta ya kai kusan kilo 20, kuma kowane ja a kan jijiyoyin kafaɗa da tsokar baya yake sauka. Idan ɗaya daga cikin waɗannan jijiyoyi ta yage ko ta kumbura, ciwon yakan lafa da wuri, ƙarfin kuwa sai an ɗauki watanni kafin ya dawo.

Na ga wani matashi da ya koma harbi da bakansa na da, bayan mai ɗori ya duba shi ya ce babu karaya. Gaskiyar mai ɗori, ƙashi lafiya lau yake, matsalar a jijiya take. Da ya ja tsirkiya sai kafaɗar ta ɗage zuwa kunne, hannun ya fara rawa tun bai kai ƙarƙashin haɓa ba, ya saki kibiya kafin ya daidaita saiti. Wannan sakin gaggawa shi ya fi damuna, domin tsoron ciwo ne yake haifar da shi, kuma yakan zauna wa mutum ko bayan raunin ya tafi.

Hanyar da ta dace sananniya ce. A fara da ganin likitan gashin ƙashi, kuma Allah ya hore mana su a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Daga nan sai jan roba, sai baka marar nauyi a nisan mita 18, ana ƙara nauyi da nisa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma wanda ya ji rauni ya yanke ƙauna. A 1948, a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, Dakta Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbi ga majinyata masu raunin laka, wadda ita ce tushen wasannin Paralympics, wato Olamfik na masu buƙata ta musamman. Neroli Fairhall ta ƙasar New Zealand, wadda hatsarin babur ya zaunar a keken guragu, ta ci zinare a wasannin Commonwealth na 1982, ta kuma fafata a Olamfik na 1984.

Roƙona ga masu shirya gasa a jiharmu shi ne su daina karɓar wanda ya yi jinyar kafaɗa sai da takardar likita, su kuma tanadi bakuna marasa nauyi a wuraren atisaye, domin yawancin matasanmu baka ɗaya suka mallaka, shi ne kuma mai nauyin da ya ji musu ciwo.

Wassalam,
Wani mai koyar da harbi,
Birnin Kano.