Mun ce yaro ya yi hankali, ashe ciwo ne ke cinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in faɗi abin da ya faru a shagona na ɗinki a nan unguwar Bagalam ta Maradi, ko wani mai yara zai tsinci abin amfani.

Yara biyu nake koya wa aiki. Ɗaya miskili ne tun yana ƙarami, sai ya wuni a kan keke bai ce uffan ba. Amma yana cin tuwonsa, yana barcinsa, ranar Lahadi ya tafi kallon ƙwallo. Uwarsa ta sha zuwa tana tambayata ko aljanu ne. Babu wani aljani, haka Allah ya yi shi. Ɗayan kuwa ɗan ƙanwata ne, shekararsa 16, mai rawar kai, bakinsa ba ya hutawa. Shi ke dafa shayi a fadarsu, wato majalisar hirar samarin unguwa, shi ke kwaikwayon masu kabu-kabu suna rigimar canji, mu yi ta dariya har ɗinki ya karkace.

Da sakamakon BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya fito babu sunansa, sai yaron nan ya mutu a tsaye. Ya bar zuwa fada. Kwanon abincinsa ya koma gida kamar yadda ya zo. Uwarsa ta fito tsakar dare ta same shi zaune a tsakar gida. Wandon da na ɗinka masa da ƙaramar Salla, sai da na rage ƙugunsa kafin babbar Salla. Ni da hannuna na rage, amma ban tambayi kaina komai ba. Me muka ce? "Alhamdu lillahi, faɗuwa ta sa ya yi hankali." Har da ni a masu faɗa. Wata biyu muna yabon ciwo.

Ranar da ya ɓata shaddar wani Alhaji da almakashi, na ɗaga masa murya. Bai ba da haƙuri ba, bai yi musu ba. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ni ai da babu ni da kowa ya huta." Jikina ya yi sanyi.

Ƙanwata ta ƙi maganar asibiti da farko, tana kuka, wai za a ce ɗanta mahaukaci ne, wa zai ba shi mata gobe? Da ƙyar na shawo kanta. Likitan da ya gan shi bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya tambayi barci, ya tambayi abinci, ya tambaya ko yana shan tramol, da ko abin da yake so a da yana yi masa daɗi har yanzu. Ya ce ciwon damuwa ne, kuma in irin wannan ya wuce mako biyu ba a zuba ido. Ashe ma ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Addu'a ba mu bari ba, likitan ma bai ce mu bari ba.

Mu ne ke cewa hali zanen dutse. To in zanen ya shafe cikin wata guda, ba sai mu tambayi abin da ya shafe shi ba? Amma ina! Mai shirun asali muke kai wa malamai, mai surutun da ya yi tsit kuma mu sa masa albarka, don ya rage mana ciwon kai. Ina roƙon jaridarku da gidajen rediyonmu na Maradi su gayyato likitoci su yi wannan bayani da Hausa, yadda tela da mai tuwo-tuwo za su gane.

Yaron bai warke sarai ba tukuna. Jiya dai ya hura gawayi ya ɗora mana shayi, ya cika sukari kamar yadda ya saba, na shanye ban ce masa komai ba.

Naku,
Wani tela, unguwar Bagalam, Maradi