Gyara kan naman garin burodi da kuka buga a shafin girki

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki.

Na ga shafinku na girke-girke na makon jiya inda aka kawo yadda ake soya nama da garin burodi, wato Schnitzel, a haɗa da salak a ci da daddare, kuma gaskiya na ji daɗi don ni wannan girkin shi ne yake cetona duk ranar da na dawo aiki a gajiye yara kuma suna min kallon "me za a ci". Amma abu biyu sun tsaya min a rai shi ya sa na ce bari dai in rubuto.

Na farko an ce a yanka naman da ɗan kauri a soya minti goma kowane gefe. Haba! Wanda ya bi wannan ai gawayi zai kwashe daga kasko, waje ya ƙone ciki kuma bai nuna ba ko ya bushe kamar takalmi. Sirrin girkin nan gaba ɗaya yana wurin fāɗi da siranta ne ba wani abu ba. 'Yar'uwa mai girki, ki ɗauki ƙirjin kaza ki raba shi biyu ta kwance, ki sa a tsakanin leda biyu ki bubbuga da ƙasan ƙaramar tukunya ko sandar murza fulawa har ya koma kamar milimita 5, kusan rabin kaurin ɗan yatsanki ƙarami. A hankali fa, daga tsakiya zuwa gefe, don na taɓa yin zuciya na rafka masa da ƙarfi ya yage gida uku. In ya yi siriri haka minti 2 zuwa 3 kowane gefe ya ishe shi, shi ne ma ya sa ake ce masa girkin sauri.

Sai faranti uku a jere, fulawa, ƙwai da aka kaɗa da ɗan gishiri, sai garin burodi. Gishiri da masoro a jikin naman ake sawa tun kafin fulawar. Fulawar amfaninta ta shanye damshi ƙwan ya samu abin kamawa, amma ki kakkaɓe ragowar in ba haka ba rigar garin burodin za ta sulluɓe a cikin mai. Hannu ɗaya na busasshen abu ɗaya na ƙwai, in kika haɗa su yatsunki ne za su sha garin burodin ba naman ba. Kuma kar a danne garin da ƙarfi, a yayyafa a ɗan taɓa kawai, sannan da an gama a jefa a mai nan take, in ya zauna yana jira garin zai jiƙe ya yi laɓo-laɓo. Burodin da ya kwana biyu ya bushe ma in kin niƙa a blenda ya wadatar, ba sai an sayi na kwali ba.

Mai kuma kar a yi masa rowa, ya kai yadda naman zai ɗan yi iyo, zafinsa wajen digiri 170 a ma'aunin Celsius. In babu ma'auni ki jefa ɗan garin burodi, in ya taso yana 'yar kumfa nan take to ya yi, in ya nutse shiru da sauransa, in ya yi baƙi kafin ki ƙifta ido ki rage wuta. Mutane suna ɗauka mai kaɗan shi ne zai hana maiƙo, alhali man da bai yi zafi ba shi ne yake shigewa cikin garin. Ki riƙa ɗan jijjiga kaskon man yana hawa saman naman, za ki ga rigar tana kumbura tana rabuwa da naman kaɗan, mutanen Biyana, babban birnin Ostiriya, wannan kumburin suke nema. Guda biyu a lokaci ɗaya ya isa, in an cika kasko zafin man faɗuwa yake. In kin kwashe ki ɗora a ragar waya ko tishu amma kar ki jibga wani kan wani, tururi zai kashe ƙaras-ƙaras ɗin.

Salak ɗin kuma ni na ga an zuba masa mayonis cokali nawa, to soyayyen abu ga maiƙo sannan a ƙara maiƙo a gefe? Abin da yake so tsami ne. Kokwamba a yanka siriri a barbaɗa gishiri a bar ta minti 10 a matse ruwan, latas, tumatir, albasa kaɗan, sai mai cokali 3 da ruwan lemun tsami ko binega cokali 1 da ɗan gishiri a girgiza a kwalba. Ki fara da kokwambar kafin ki taɓa naman, amma kar ki zuba haɗin a kan ganyen sai za a ci, latas ba ya jure tsami. A yanka lemun tsami a gefe a matsa a kan naman, shikenan minti 25 abinci ya sauka.

Abu na biyu shi ne ya fi damuna. An rubuta sunan girkin da Schnitzel ba tare da wani bayani ba, kuma cikin masu karanta ku akwai ɗalibai da 'yan kasuwa da ke zuwa Jamus da Ostiriya. In menu ya ce Wiener Schnitzel to naman ɗan maraƙi ne, ƙa'idar abinci ta ƙasashen biyu haka ta tanada, amma in ka ga Schnitzel Wiener Art ko vom Schwein to yawanci naman alade ne, kuma shi ne ya fi yawa don ya fi arha. Ni kaina lokacin da nake karatu can na kusa yin oda a wani gidan abinci, wata ƙawata ce ta riƙe min hannu ta nuna min kalmar Schwein a ƙasa da ƙananan haruffa, wallahi ban ma lura ba. Na kaza Hähnchen ake rubutawa, na talo-talo Pute. Sannan a tambayi man suyar don wasu da kitsen alade suke yi, Schweineschmalz, wasu kuma da Butterschmalz wato tataccen man shanu. Haka a Japan, tonkatsu da ake ci da yankakken kabeji alade ne, "ton" ɗin ma ma'anarsa kenan, na kaza shi ne chikin katsu. A Folan kotlet schabowy alade ne, cotoletta ta birnin Milan kuwa ɗan maraƙi ce da ƙashinta ana soya ta a bota. Wanda yake ci ya san abin da ya saya, wanda ba ya ci kuma ya san abin da zai kauce wa.

Don Allah Malam Edita a isar wa mai shafin, ba raina aikinta na yi ba, ina bibiyarta kowane mako. In da hali a sake bugawa da gyaran mintocin nan kafin wata ta ƙona kazarta.

Na gode.

Taku,
Wata mai karatu