Wasiƙa daga Tawa zuwa ga ɗana da zai hau jirgin ruwa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Innarka na gaishe ka, ƙannenka ma haka. An gama girbi, gero ya yi daidai gwargwado, sanyi kuma ya fara leƙowa da asuba.

Ƙanwarka ta kunna mini saƙon muryar da ka aiko har sau biyu. Na ji murnarka cewa bayan wahalar makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Abijan an ba ka gurbi a ɗakin injin jirgi, alhamdu lillahi. Na kuma ji ƙorafinka. Wai rabin aikin cike takardu ne, wai wasu mutane a Landan da ba su taɓa shan zafin ɗakin inji ba su ne kullum ke ƙaro dokoki. Na so in amsa maka ta waya, sai na tuna halinka: da na fara sai ka yi ta "to Baba, to Baba" don in gama da wuri. Takarda kuwa ba a ce mata "to".

Ban taɓa kwana a kan teku ba. Mutumin Adar ne ni, babban ruwan da na sani ina yaro shi ne tafkin Tabalak. Amma na yi shekara ashirin da ɗoriya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ina fitar wa ƴan kasuwarmu kaya, tsakanin ofishin duwan da bakin jirgi, kuma can na yi wani abu da ban taɓa gaya maka ba.

Wani ɗan kasuwa, ba zan faɗi sunansa ba, ya cika kwantena da riɗi za a fitar waje. Nauyinta ya kai tan 26, ya ce in rubuta 18 don a rage masa kuɗi. Na rubuta. A lokacin ba wanda ke aunawa, abin da ka sa a takarda shi ke nan. Da aka zo ɗagawa, mai tuƙa ƙugiyar, wani dattijo, ya ji nauyin a jikin injinsa. Bai kai ƙarata ba. Da yamma ya same ni ina shan shayi, ya tambaye ni ko na san inda ake ajiye kwantenar da aka ce ba ta da nauyi. Na ce a'a. Ya ce can sama ake ɗora ta, a kan sauran, domin mai tsara lodi takarda yake dubawa, masu nauyi ƙasa, marasa nauyi bisa. In kowa ya yi irin tawa, jirgi zai fita da nauyi a ka, igiyar ruwa ta farko mai ƙarfi sai ta karkatar da shi, a cikinsa kuma ƴaƴan mutane ne. Ya tashi ya tafi. Ban san abin da ya sami jirgin nan ba, mai yiwuwa lafiya lau ya isa. Yanzu da kai za ka zama cikin ƴaƴan mutanen, maganar dattijon nan ta dawo mini sabuwa. Sai ranar 1 ga Yulin 2016 aka wajabta a duniya cewa ba a loda kwantena sai an tabbatar da nauyinta. Wannan ɗaya ce daga takardun da kake ƙorafi a kai, kuma saboda irinmu aka yi ta.

Hukumar nan ta Landan mai tsara dokokin jiragen ruwa na duniya, wadda ku kuke kira OMI, masu Turancin Ingilishi kuma IMO, reshe ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Lokacin da ka zo hutu ka bar littattafanka a ɗaki na ɗan duba su, Faransancina bai mutu ba tukuna. Abin da na lura shi ne kusan kowace babbar doka tana da gawawwaki a bayanta. Titanic ya nutse a 1912 da mutum fiye da 1,500, kwale-kwalen ceton da ke cikinsa ba su isa ɗaukar kowa ba. Shekara biyu bayan haka aka rubuta yarjejeniyar kare rayuka a teku, wato SOLAS, ta farko, wadda kuke aiki da ita yanzu kuma ta 1974 ce. Jirgin dakon mai Torrey Canyon ya fashe a gaɓar Ingila a 1967, daga nan aka kama hanyar yarjejeniyar hana jirage gurɓata teku, wato MARPOL, ta 1973 da gyaranta na 1978. Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska a 1989, aka ce jiragen dakon mai su zama masu bango biyu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Zeebrugge, a Beljiyam, cikin Maris na 1987. Jirgin fito ne mai ɗaukar motoci da mutane. Ya bar tasha ƙofar gabansa a buɗe, domin wanda aikinsa ne ya rufe ta yana barci a ɗakinsa, na sama da shi ya ɗauka an rufe, kyaftin kuma ba shi da hanyar gani daga inda yake. Ruwa ya shiga, jirgin ya kife a bakin tasha, mutum 193 suka mutu. Ba hadari, ba guguwa, kowa dai ya ce ai wani ya yi. Daga wannan aka fito da tsarin ISM, wanda ya ce kowane aiki a san mai shi, a rubuta, kamfani ma a tudu ya ɗauki alhaki. Dokar hutu da aka koya muku, awa 10 cikin kowace 24, awa 77 a mako, ka riƙe ta da gaske. Idan aka miƙo maka takardar hutu an riga an cike ta da awoyin da ba ka yi barcinsu ba, ka tuna mutumin nan na Zeebrugge.

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne. Kana ƙarami lokacin da Joola ya kife a gaɓar Gambiya, daren 26 ga Satumban 2002, a hanyarsa daga Ziginshor zuwa Dakar. An yi shi don ɗaukar mutanen da ba su kai 600 ba. Lissafin gwamnatin Senegal ya ce mutum 1,863 suka rasu, fiye da na Titanic, 64 kawai suka tsira, kuma da yawa ɗalibai ne masu komawa makaranta. A rediyo muka ji a Kwatano, ranar ba wanda ya iya cin abincin kirki. Adadin da jirgin zai ɗauka a rubuce yake. Mu nan mun san wannan ciwon: ka ga kamiyon albasar Galmi an yi masa lodi har ya durƙusa, mutane kuma a bisa buhuna, a ce Allah ya kiyaye. Allah na kiyayewa, amma ya ba mu sikeli. Zanen da ke jikin kowane jirgi, wanda ruwa bai kamata ya haura ba, sikelinku ke nan.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. A ɗakin inji akwai ruwan da ke taruwa a ƙasa gauraye da mai. Doka ta ce ba a zubar da shi a teku sai ya bi ta injin tacewa, man da ya rage a ciki bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, kuma duk abin da aka yi a rubuta a littafin mai. Ka fi ni sanin wannan. Abin da na fi ka sani shi ne yadda ake jawo yaro cikin ɓarna. Ba wanda zai ce maka zo mu karya doka. Wata rana da dare shef, wato babban injiniya, zai ce injin tacewa na ba da wahala, ɗan riƙe mini wannan tiyo, gobe kuma a ce sa hannu a nan. Kai ne ƙarami, baƙo, mai neman a sake ɗaukarka, kuma an tarbiyyantar da kai kada ka yi musu da babba. Ni na koya maka hakan, ni kuma nake ce maka a nan wurin ban da shi. Ka ce, cikin ladabi, ba za ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Sa hannu shaida ce, ka kuma san matsayin shaidar zur a addininmu. Ko ta fuskar duniya ma ramin ƙarya ƙurarre ne: a Amurka an sha ɗaure injiniyoyin jirgi saboda littafin mai na ƙarya, mai jirgin ya biya tara ya ci gaba da kasuwancinsa, wanda ya sa hannu shi ke kwana a kurkuku.

In kana ganin dattin jirgi ba ya kashe kowa, tambayi kawunka da ke Abijan abin da ya faru a Agustan 2006, lokacin da aka kwashe dattin jirgin Probo Koala cikin motoci aka zubar a wurare daban-daban na birnin, har da jujin Akuwedo. An fara kai dattin Amsterdam, aka ga kuɗin sarrafa shi ya yi yawa, aka mayar cikin jirgi aka nufo Afirka. Mutum fiye da 100,000 suka je likita, wasu suka mutu. Mutanen Tawa nawa ne ke bida a garin nan? Kai kanka iskarsa ka shaƙa shekara da shekaru.

Abu na biyu, ramuka. Ka tuna masu haƙar rijiya a ƙauyen kakanka, yadda ake cewa rijiya ta kama mutum? Na farko ya sauka ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya yi shiru. Mutane su ce iskoki ne. Iska ce dai, amma ta numfashi ce ta ƙare a ƙasan. Tankunan jirgi haka suke, tsatsa kaɗai tana cinye iskar wurin da ke rufe. Shi ya sa tun 2015 aka wajabta atisayen shiga irin wuraren nan duk wata biyu, daga baya aka ce kowane jirgi ya riƙe na'urar auna iska. Kada ka shiga ba a auna ba, ko da minti ɗaya aka ce. In kuma abokinka ya faɗi a ciki, na san zuciyarka, za ta ce ka diro. Kada ka diro. Ka buga ƙararrawa, ka jira masu tulun numfashi. Wannan ita ce magana mafi wuya a wasiƙar nan, innarka ma ta ce in maimaita maka ita.

Game da sababbin dokokin hayaƙi, a nan ina da ra'ayi biyu, kuma ban iya sulhunta su ba. Tun 1 ga Janairun 2020 aka rage farar wutar da ke cikin man jirgi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5, wannan kam alheri ne ga duk mai zaune kusa da tasha. Ruwan da jirgi ke ɗura wa cikinsa don daidaita zama, an ce tun 2017 a riƙa kashe ƙwayoyin da ke ciki kafin a zubar a wata ƙasa. Duk wanda ya ga yadda baƙuwar ciyawar nan ta rufe kogi a Yamai ba zai yi gardama ba. Tun 2023 ana ba jirage maki daga A zuwa E bisa hayaƙin da suke fitarwa, kamar ƴan lakwal, kuma a shekarar ƙasashe suka amince a kai ga daina ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya wajen 2050. A Afrilun 2025 aka tsara yadda manyan jirage za su riƙa biya in sun wuce ƙa'ida, amma da aka zo tabbatarwa a Oktoba sai aka ɗage da shekara guda, bayan Amurka da Saudiyya da wasu sun ƙi. Tsohon mai fitar da kaya da ke cikina ya san inda kowane ƙarin kuɗin jirgi ke sauka: a kan buhun shinkafa a kasuwar Tawa. Mu ba mu da teku, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kuma kayanmu ta Lome da Burkina suke zagayowa, tsada a kan tsada. Manomin da ke cikina kuma yana ganin yadda zafi ke ƙaruwa, damina ta rikice, shekara ɗaya fari, wata ambaliya. Manya su yi ta jayayyarsu. Kai dai kiɗa ya canza: jirage masu aiki da gas da metanol sun riga sun fito, ana shirin na amoniya, wadda guba ce in ta tsere. Duk wani kwas da aka buɗe a kan waɗannan ka shiga, ko da kuɗinka ne. In bai isa ba ka faɗa mini, akwai raguna biyu da na ajiye.

Sauran a taƙaice. Kafin ka taka jirgi ka karanta kwantiraginka, ka riƙe kwafi a jakarka, ka aiko wa ƙanwarka hotonsa. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006 ta hana dillali karɓar kuɗi a hannunka don ya samo maka aiki, ta kuma ɗora wa mai jirgi kuɗin mayar da kai gida. Wanda ya ce ka kawo jikka kaza ya sa ka a jirgi, ɓarawo ne. Ka san tutar da jirginku ke ɗauke da ita, domin da yawa na Panama ne ko Laberiya ko tsibiran Marshal alhali masu su na wata ƙasa. In masu binciken tasha suka hau, ko a Turai ko a nan yankinmu ƙarƙashin yarjejeniyar Abuja ta 1999, abin da suka tambaye ka ka faɗi abin da ka sani, kada ka ƙara kada ka rage. Leda ko guda kada ka jefa a ruwa.

Sallah kuma, jirgi na juyawa alƙibla na juyawa. Ka tambayi masu tuƙi, suna da kamfas, ba za su hana ka ba. Innarka ta ba wani direban Abijan ƙullin kilishi da cuku da garin yaji, ta ce kada ka rabar duka tun a tasha. Ka kira ta kafin ku tashi, da safe, lokacin da ta gama abin kari. Ka kuma turo mana sunan jirgin, ƙaninka ya ce akwai yadda ake ganin inda yake a waya, ni ma ina so ya nuna mini.

Allah ya tsare, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka.