Wasiƙa zuwa Fatakwal a kan maganar Abba

Unguwar Jahun,
Bauchi.

Abokina na ƙwarai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya shigo, da safe hazo kan rufe duwatsun gari. Mutanen gida duk lafiya lau.

Na karanta saƙonka a kan Abba. Ka ce ya cika shekara 2 bakinsa bai buɗe sosai ba, kana jira ya kai 3 ka kai shi makaranta su koya masa. Inda zancen ya tsaya mini a rai shi ne da ka ce wannan aikin mamansa ne. Na san ɗan fari ne, kuma kunya ce ke hana ka sake jiki da shi. Haka aka rene mu, ban kuma raina al'adar ba. Amma don Allah, idan kun shiga ɗaki daga kai sai shi, ka ajiye ta ka yi masa hira.

Yawanci yaro kan furta kalmar farko wajen shekara 1, zuwa shekara 2 ya fara haɗa kalmomi biyu, irin su "Baba zo". Jin hayaniyar manya kaɗai ba ya isarsa. Sai an dube shi an yi masa magana, an jira ya amsa, an ɗora a kan abin da ya faɗa. In ya nuna titi ya ce "mota", ka ce masa, "Ƙwarai, jar mota ce, ta ɗauko buhunan shinkafa. Ina za ta?" Sannan ka yi shiru. Shirun nan ne ke yi wa magidanta wuya, domin kullum muna sauri, sai mu amsa wa yaro tambayar da muka yi masa.

Kuma kai kake fita da shi inda mamansa ba ta cika zuwa ba: masallaci, gareji, wurin aski. Ranar Asabar nakan ɗauki ƙaramar 'yata zuwa kasuwar Wunti. Sai mu tsaya gaban mai kayan miya, ta riƙa nuna attaruhu da tattasai tana kiran sunansu. Makon jiya ta ga wani allon shago ta ɗora yatsa a kan harafin A, ta ce irin na sunanta ne. Ba wanda ya zaunar da ita darasi.

Ka san aji 1 nake koyarwa, to a makon farko nake gane yaron da ake yi wa hira a gida. Littattafan Mu Karanta, waɗanda aka yi amfani da su a makarantun firamare na Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar USAID ta Amurka, da sautin haruffa suke farawa, sai gaɓoɓi, ba, bi, bu, sai kalma. Yaron da ya saba jin "gatanan gatananku" yana amsa "ta zo mu ji ta", ya san Gizo da Ƙoƙi, nan da nan yake kama labari, har ya faɗi abin da zai biyo baya.

Da Hausa za ka yi masa, kada ka ji tsoro. Turanci zai same shi a titi da makaranta, Hausa kuwa a can sai a bakinku. Wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin ɗaukar wani.

Sai maganar waya. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yara 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa 1 a rana suna kallon waya ko talabijin. In za ka ba shi, ku kalla tare kana tambayarsa me ya gani.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wa jinkiri: idan ka kira shi daga baya ba ya waiwayowa, ko har yanzu bai haɗa kalma biyu ba, ku kai shi asibiti a duba kunnensa a watan nan.

Na sayo masa ɗan littafi mai hotunan dabbobi, zan bayar a tasha a kawo maka. Ka gaida maman Abba da kyau.

Naka,
Abokinka na Jahun.